Me ya hana a ƙera doguwar bindiga mai ɗana kanta da ke cin harsashin libarba?

Abu Hafsat: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai tambayar da maharban Amurka suka daɗe suna nanatawa, ina so masana cikinmu su warware mana ita. Kasuwarsu cike take da dogayen bindigogi masu ɗana kansu (masu shigar da sabon harsashi da kansu bayan ko wane harbi) da ke cin harsashin fistol, musamman 9mm, irin su Ruger PC Carbine da Henry Homesteader. Masu liba kuma (waɗanda ake ɗanawa da jan liba da hannu) da ke cin .357 Magnum da .44 Magnum, wato harsasan libarba (ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa), rububinsu ake yi. Amma in mutum ya ce yana son wadda ta haɗa biyun, mai ɗana kanta kuma mai cin .357 ko .44, sai dai ya nufi kasuwar tsofaffin kaya. Masu saye ne babu, ko ƙirar ce ta gagara?

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam. Malam, fara da gindin kwanson, nan matsalar take. Harsashin libarba yana da leɓe da ya fito waje a gindinsa, da shi yake tsayawa a cikin gangar libarba, da shi kuma ake turo shi waje bayan harbi. A .357 Magnum faɗin jikin kwanso inci 0.379 ne, leɓen kuma 0.440. A .44 Magnum jiki 0.457, leɓe 0.514. Na 9mm ba shi da wannan fitowar, tsagi ne kawai aka yi masa a gindi inda ƙugiya za ta kama.

To ka jera masu leɓen nan ɗaya kan ɗaya a gidan harsashi irin na akwati. Gindi ya fi kai kauri, saboda haka jerin ba ya miƙewa, lanƙwashewa yake yi kamar ayaba, kuma ko wane harsashi da ka ƙara yana ƙara lanƙwasar. Wannan mai sauƙi ne, ana iya lanƙwasa gidan ya bi su. Babbar masifar ita ce leɓen na sama ya faɗa bayan leɓen na ƙasa. Sakata ta zo za ta tura na sama cikin bututu, sai leɓensa ya sarƙe da na ƙasansa, bindiga ta cije. Ba bugu ko girgiza da ke warware ta, sai an zare gidan an sake jeri.

Sarkin Baka: Injiniya, a yi mana adalci, kada a sa leɓe ya zama dodo. .22 LR ai leɓe gare shi, kuma Ruger 10/22 tun 1964 take harba shi ba gardama. Dragunov ta Rasha 7.62x54R take ci, mai leɓe, guda goma a gida ɗaya. Bren ta Ingila .303 take ci, shi ya sa gidanta ya lanƙwashe haka, an kuma koya wa soja ya sa leɓen ko wane harsashi gaban na ƙasansa. A fistol ma an yi: Desert Eagle na ɗaukar .357 guda tara ko .44 guda takwas, Coonan kuma ta ɗora .357 a kan ƙirar 1911.

Bindigar da Abu Hafsat ke tambaya ma ai an yi ta, har sau biyu, kuma kamfani ɗaya ne ya yi. A 1961 Ruger ya fito da Model 44, mai cin .44 Magnum, bututu inci 18.5, nauyi bai kai kilo uku ba. Deerstalker aka fara kiranta, kamfanin Ithaca ya ce sunan ya yi kama da na Deerslayer tasa, aka sauke shi. Harsashi huɗu take ɗauka a wani siririn bututu da ke ɓoye cikin katako, ana ɗura shi ta ƙasa kamar bindigar tsuntsaye. An yi ta ƙera ta har 1985. Sai a 2000 suka dawo da Deerfield, wadda ake kira 99/44, da gidan harsashi mai juyawa mai cin huɗu, ita kuma 2006 ta kwanta.

Injiniya Sabo: Na yarda, Sarki, amma lura da yadda Ruger ya kauce wa leɓen duk sau biyun. A ta farko harsasai na bin juna a bututu, kai a gindin na gaba, leɓe ba ya haɗuwa da leɓe. A ta biyu ko wane harsashi da gurbinsa a jikin abin da ke juyawa. Duka sun yi aiki, kuma duka sun tsaya a huɗu. Mai sayen bindiga mai ɗana kanta a Amurka yau, abin da ya saba gani shi ne gidan goma sha bakwai ko talatin. Ka ce masa huɗu, sai ya nuna maka Marlin 1894 mai liba da ke ɗaukar tara ko goma.

Maƙerin Zamani: Ku bar maganar gida tukuna, ku zo kan abin da ke cin kuɗi. Dalilin da ya sa na 9mm suka cika kasuwa kuma da araha shi ne yawancinsu ba su da makulli ko kaɗan. Sakata ce mai nauyi da sifirin a bayanta. Ana harbawa kwanso ya tura ta baya, nauyinta ya jinkirta buɗewa har harsashi ya bar bututu, matsi ya sauka. Ba fistan, ba ramin gas, ba haƙoran kulle. Ruger ma dunƙulen tungsten ya cusa cikin sakatar PC Carbine don ta yi nauyi ba tare da ta yi girma ba.

Wannan dabarar ba ta ɗaukar magnum. Abin da ke tura sakata shi ne nauyin harsashi sau gudunsa. 9mm mai giren 124 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) a gudun ƙafa 1,250 cikin daƙiƙa ya ba ka 155,000. .357 mai giren 158 a ƙafa 1,800 ya ba ka 284,400, kusan ninki biyu. .44 mai giren 240 a ƙafa 1,760 ya ba ka 422,400, ya doshi ninki uku. In sakatar 9mm da abin da ke bayanta suna kusan giram 650 zuwa 700, to ta .44 za ta doshi kilo biyu. Kilo biyu na ƙarfe yana kai da komo a gaban fuskarka, a bindigar da aka so ta don rashin nauyi.

Akwai kuma tsawon kwanso. Na 9mm milimita 19 ne, kuma ya ɗan tsuke ta gaba, yana sakin bango da wuri. Na .357 ya kusa milimita 33, miƙaƙƙe sambal. In sakata ta fara ja da baya alhali matsi bai sauka ba, gaban kwanson na manne da bango, gindinsa na tafiya. Tagulla ta miƙe ta tsinke, gindi ya fito, sauran ya maƙale a ciki, gas mai zafi kuma ya biyo baya. Dole ke nan a kulle sakata, a huda bututu a ɗebi gas, a sa fistan. Da ka yi haka ka shiga kuɗin ƙera cikakkiyar raifal. Abin da aka bayar a matsayin dalilin dakatar da Model 44 ke nan, tsadar ƙira.

Abu Hafsat: To Maƙeri, in matsin 9mm da na .357 duk 35,000 psi (awon matsi) ne a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka, me ya kawo wannan tazara a gudu?

Garba Lissafi: Ƙololuwar matsin ce ɗaya, daɗewarsa ba ɗaya ba. Kwanson 9mm ƙarami ne, albarushi kaɗan ne mai saurin ci, kafin harsashi ya yi nisa ya cinye. Shi ya sa in ka ɗauke shi daga fistol ka sa a bututu mai inci 16, ƙarin da za ka samu bai cika wuce ƙafa 150 zuwa 200 ba. .357 da .44 suna ɗauke da albarushi mai yawa mai jinkirin ci, irin su H110 da Winchester 296 da 2400. A libarba mai inci huɗu wani kaso nasa a waje yake tashi, wutar da ake gani a baki ke nan, ga kuma gas da ke zurarewa ta tsakanin ganga da bututu. A doguwar bindiga ba inda zai zurare, sai ya yi ta tura harsashi har baki.

Ga adadi. .357 mai giren 158 a libarba mai inci huɗu yana yin kamar ƙafa 1,235, ƙarfin bugunsa wajen 535 a ma'aunin ƙafa-fam. A bututu mai inci 18 yana kai 1,700 zuwa 1,800, bugu ya haura 1,000. Ya ninka ke nan, harsashi ɗaya, kwali ɗaya. .44 mai giren 240 daga raifal yana yin 1,760, bugu wajen 1,650. In kana son abin kwatance, .30 Carbine na M1 Carbine giren 110 ne a ƙafa 1,990, bugunsa bai cika 1,000 ba. Wannan ne ya sa masu neman bindigar ba sa gajiya da roƙo. A cikin kurmi, inda barewa ko aladen daji ba sa wuce yadi 100, ta isa har ta yi saura, shurinta kuma yaro ma zai ɗauka.

Hajiya Mai Shago: Sannunku da ƙoƙari, amma ku tambayi kanku me mai roƙon yake hangowa a ransa. Yawancinsu abin da suke so shi ne su yi atisaye da .38 Special mai araha da laushi, ranar farauta su sa .357, kamar yadda suke yi da libarba da mai liba. Nan ne za a yi baran-baran da su. Matsin .38 Special 17,000 psi ne, rabin na .357. .44 Special 15,500, .44 Magnum 36,000. Ramin gas ɗin da aka auna don magnum ba zai sami abin da zai tura fistan ba in aka sa Special, sai ka koma ja da hannu bayan ko wane harbi. In aka buɗa ramin don Special, magnum zai riƙa maka sakata da ƙarfi har ya fasa wani abu. Tsawonsu ma ba ɗaya ba, kwanson .38 inci 1.155, na .357 inci 1.29, kuma gajeren yana barin zoben dauɗa a makwancin harsashi wanda ke riƙe dogon in aka zo fitar da shi.

Sai dalma. Kaso mai yawa na harsasan libarba dalma ce tsirara, ba rigar jan ƙarfe, musamman wajen masu ɗura nasu a gida. Ramin gas yana kankare dalmar da man da aka shafa mata, su taru a fistan su daskare. Ruger da masu Desert Eagle duk sun ja kunne a kan haka, mai riga kawai. Mai liba ba ruwanta, hannunka ne injinta, ka ba ta mai ƙarfi ko mai laushi, dalma ko mai riga, ta haɗiye. To wa zai biya kuɗi mafi yawa ya sayi bindiga mai tsirfar abinci?

Sarkin Baka: Hajiya, ana yin makunnin gas mai matakai, a juya shi gwargwadon harsashi. Bindigar soja ta FAL tana da shi tun shekarun 1950.

Maƙerin Zamani: Ana yi, Sarki, amma ƙarin sassa ne, ƙarin kuɗi, ƙarin kuma abin da mai saye zai manta ya juya. Ya bar shi a matakin .38 ya harba .357 kwali biyu, ya dawo wa kamfani da bindiga yana cewa ba ta da ƙwari. Kuma tazarar da makunnin FAL ke gyarawa ƙarama ce, ta dauɗa da bambancin masana'anta. Nan ana maganar rabi da ninki.

Baban Khalifa: Ni inda nake ganin an yi asarar damar shi ne lokaci. Deerfield ta mutu a 2006, a 2007 Indiyana ta halatta farautar barewa da raifal mai cin harsashin ƙaramar bindiga. A 2014 Ohayo da kudancin Mishigan suka buɗe wa harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, Ayowa ta biyo a 2017. Waɗannan wurare ne shimfiɗaɗɗu masu gonaki da gidaje kusa da juna, da can galibi bindigar tsuntsaye mai dunƙulen harsashi ake amfani da ita, don kada harsashi ya yi nisa. Ƙa'idar da Mishigan ta kawo ta ce faɗin harsashi ya kai .35, tsawon kwanso tsakanin inci 1.16 da 1.80. Ku duba 1.16 ɗin nan, .38 Special mai 1.155 ya faɗi da ƙyar, .357 da .44 suka haye. Ohayo kuma ta ce kada a ɗura fiye da uku a bindiga, ka ga huɗun Deerfield ba aibi ba ne a can. Da ta yi haƙurin shekara takwas da ta ci kasuwa.

Garba Lissafi: Da ta ci na ɗan lokaci. Ka ga abin da kamfanoni suka yi da wannan dokar ai. A ɓangaren mai ɗana kanta ba su koma kan leɓe ba, sun karanta iyakar 1.80 suka ƙera harsashi da ya cika ta. .450 Bushmaster yana nan tun 2007, kwanso inci 1.70, giren 250 a ƙafa 2,200. A 2019 Winchester ya fito da .350 Legend, kwanso 1.71, ba leɓe, gindinsa daidai da na .223, matsi 55,000 psi, giren 180 a ƙafa 2,100. Bugunsa ya haura 1,750, ya wuce .44 Magnum, ya bar .357 a baya nesa, kuma yana tafiya a miƙe har wajen yadi 200. Uwa uba yana shiga AR-15, raifal mai ɗana kanta wadda masana'antu da yawa ke da sassanta a ƙasa. Canjin bututu da gidan harsashi ne kawai. Wane manaja ne zai sa hannu a kashe kuɗin sabuwar ƙira tun daga tushe, alhali ga wannan a banza?

Yawancin waɗanda suka so ƙarfin libarba a bindiga mai ɗana kanta, hanyar da suka bi ke nan tun da, suka yanke leɓen. .44 AutoMag a farkon shekarun 1970 daga kwanson .308 aka yanko shi. .45 Winchester Magnum ya zo a 1979. .357 SIG na 1994 an yi shi ne ya kwaikwayi .357 mai giren 125. Big Horn Armory da ya so .500 S&W a AR, sai ya aske masa leɓe ya kira shi .500 Auto Max.

Baban Khalifa: Amma duk waɗannan sun rasa abu ɗaya, ba sa shiga libarbar .357 ko .44 da ke ƙugun mutum. Asalin sha'awar ke nan tun zamanin Winchester 1873 da Colt mai cin .44-40, harsashi ɗaya ga doguwa da gajera.

Hajiya Mai Shago: Wanda ke da wannan sha'awar, Baban Khalifa, mutum ne mai son kayan da. Mai riƙe da libarba a yau zuciyarsa na wajen katako da baƙin ƙarfe da liba, kuma an cika masa tebur: Henry Big Boy, Rossi R92, Winchester 1892, ga Smith & Wesson da ya shigo da Model 1854 a 2024. Matashi mai son mai ɗana kanta kuwa Glock ce a hannunsa, abin da yake nema doguwar da za ta ci gidan harsashin fistol ɗinsa. In ya so ƙarfi ya tafi 10mm Auto, wanda Hi-Point da CMMG da Kriss da Ruger duk suna yi wa dogaye. Mutumin da ya tsaya a tsakiya, mai libarba kuma mai son mai ɗana kanta, yana nan, yana da murya a intanet, amma bai cika kanti ba.

Kar ku manta kuma a 2020 Ruger ya sayi Marlin daga gwanjon Remington a kan kusan dala miliyan 30. Shi ne ke ƙera 1894 yanzu, yana kuma da 77/357 da 77/44 masu sakatar hannu. Kamfanin da ya fi kowa sanin yadda ake wannan bindiga shi ne wanda za ta fi ci wa kasuwa.

Injiniya Sabo: A ƙara da cewa ƙofar waje a rufe take. Ɗaya daga cikin wuraren da .357 da .44 a doguwar bindiga suke da farin jini bayan Amurka shi ne Ingila, domin bayan haramta ƙananan bindigogi a 1997 masu harbin gasa sun koma kan masu liba. Amma dokar 1988 ta riga ta haramta musu raifal mai ɗana kanta in ba .22 mai wuta a leɓe ba. Ostareliya ta ƙuntata su a 1996, New Zealand a 2019. A cikin Amurkar ma Fensilbaniya, mai tarin maharba barewa, ba ta yarda a harbi barewa da raifal mai ɗana kanta ba. Mai liba tana shiga duk waɗannan wurare.

Sarkin Baka: Duk na ji, amma 10mm bai maye gurbin .357 ba, a daina faɗin haka. A fistol suna kunnen doki. A bututu mai inci 16, 10mm mai giren 180 yana tsayawa wajen ƙafa 1,400 zuwa 1,500, don kwansonsa bai da wurin albarushi mai jinkiri. Tsawonsa ma inci 0.992 ne, bai kai 1.16 ɗin Mishigan ba. Kuma tsadar da tsofaffin Model 44 da Deerfield ke yi a hannun masu sayarwa shaida ce cewa akwai masu nema.

Maƙerin Zamani: Tsadar abin da aka daina yi ba ta nuna yawan masu nema, Sarki, tana nuna ƙarancinsa ne. Tunda ka kawo su, mai shirin sayen tsohuwar Model 44 ya duba abu huɗu. Gidan kunama na alminiyom ne, yana tsagewa ta gaba inda ya kama jikin bindiga, kuma kamfani ya daina kawo kayan gyaranta. Katakon yana tsagewa a bayan jiki saboda dukan sakata. A zare fistan a ga ko wani ya cika shi da dalma. Sannan murɗin cikin bututunta zagaye ɗaya ne a inci 38, an yi shi don giren 240. Ka sa mata giren 300 ba zai daidaita a iska ba, in ma ya yarda ya shiga, don wanda ya wuce tsawon inci 1.610 yana maƙalewa a hanya. Deerfield ce aka gyara wa murɗi zuwa ɗaya a inci 20, ita kuma gidanta mai juyawa ba ya karɓar dogon harsashi, kuma tana cilla kwanso sama yana dukan madubin hange.

Abu Hafsat: To in da za a ce wani kamfani ya yi kasada yau, wacce ƙira ce ta fi kusa da yiwuwa?

Injiniya Sabo: .357 kaɗai, a manta da .38. Gas da sakata mai juyawa irin ta raifal ɗin Ruger Mini-14, bututu inci 16 da ɗoriya don ƙasa da haka sai da rajista ta musamman a dokar Amurka ta 1934, gidan harsashi mai juyawa na 77/357 wanda yake nan a kasuwa yana cin biyar. A rubuta a jikin bututu cewa mai riga kawai, giren 125 zuwa 180.

Hajiya Mai Shago: Biyar, ba ta cin .38, ba ta cin dalma, kuma ta fi Rossi tsada nesa ba kusa ba. Injiniya, kai za ka tsaya bayan kanta ka yi wa mai saye wannan bayanin?

Sarkin Baka: A sa mata gidan Desert Eagle mai tara mana.

Injiniya Sabo: Shi ma jeri ɗaya ne, kuma kusurwarsa an auna ta ne da hannun fistol. Sai an sake zana hanyar shigar harsashi gaba ɗaya kafin ya zauna a gaban kunama.